Hazirar Dindir: Ɓauna, saniya da taraktar da ba a so a ambata

Tun da na fara riƙe alli, darasin da na fi jin daɗin koyarwa shi ne na hazirar Dindir. Dalili kuwa, shi kaɗai ne wurin da littafin gwamnati ke ambaton sunan garinmu da alheri. Sai in zana kogin Dindir da na Rahad a allo, in ja iyakar Habasha, in ce wa yara ga alfaharin Sudan nan a bayan gidanku. Ina cikin wannan bayani wata rana, kafin yaƙi ya rufe makarantu, wani yaro da ke zama a layin baya ya ɗaga hannu. Ba mai yawan magana ba ne, kuma da rani yakan ɓace sati biyu ko uku ya bi dabbobin gidansu. Ya ce, "Ustaz, ina da tambaya. A wurin hukuma, ɓauna ta fi saniya ne?"

Ajin ya fashe da dariya, ni ma na yi murmushi na ce ya zauna za mu dawo kan maganar. Gaskiya ban dawo ba, don ba ni da amsar da za ta shiga cikin minti 40. Wannan rubutu bashin da yaron nan yake bi na ne.

Bari mu fara da abin da ba a gardama a kansa. Turawan Ingila ne suka keɓe wannan daji a 1935, shekara biyu bayan taron Landan na 1933 da ƙasashen mulkin mallaka suka yi kan kare namun dajin Afirka. A 1979 hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin wuraren da take kira ma'ajiyar halittu, a 2005 kuma ya shiga yarjejeniyar Ramsar ta kare fadamu. Faɗinsa ya ɗan haura murabba'in kilomita 10,000, ya taɓa wilayoyi uku: Sinnar, Gadarif da Nilul Azrak. 'Yan sandan namun daji ne ke gadinsa, babban sansaninsu yana Galagu.

Ran hazirar gaba ɗaya yana cikin abin da muke kira maya. Kogin Dindir ba ya gudu duk shekara. Yana saukowa daga duwatsun Habasha da damina, ya cika ya batse, sannan zuwa ƙarshen kaka ya tsaya, ya bar yashi da 'yan tafkuna. Amma kafin ya tafi yakan zuba ruwa a wasu kwaruruka da tsoffin hanyoyinsa, ruwan ya kwanta, ciyawa ta yi kore shar har tsakiyar bazara. Su ne maya, kamar Ras Amir da Abdul Gani. Idan watan Maris ya kama, ƙasa ta tsage, iska ta koma kamar bakin tanda, duk mai rai a wannan yanki idonsa yana kan maya: ɓauna, kwanta-rafi, gwambaza, jimina, zaki, da kuma saniyar Bafulatani da tunkiyar Balarabe. Rigimar duka a nan take. Ciyawa ɗaya, ruwa ɗaya, wata uku na wahala.

Sau ɗaya na taɓa kwana a Galagu, muna ɗalibai a kulliyar tarbiyya. Da asuba aka kai mu bakin wata maya. Ban san yadda zan kwatanta wa wanda bai gani ba. Zabi kamar an zuba tsakuwa, garken ɓauna baƙi ƙirin yana fitowa daga hazo, tsuntsaye iri-iri da ban san sunan ko rabinsu ba. Ni ɗan yankin ne, an haife ni tafiyar 'yan sa'o'i daga wurin, amma sai da makaranta ta biya kuɗin lori na gan shi. Mahaifina har ya koma ga Allah bai taɓa ganin hazira ta ƙofa ba. Wannan ma wani abu ne da ya kamata a yi tunani a kai.

Abin da masu kare muhalli ke cewa

Ba zan zalunce su ba, suna da hujja. Raƙumin dawa ya ƙare a Dindir tun shekarun 1980. Karkanda ta riga shi tafiya da daɗewa. Dari, wanda tsofaffi ke cewa yana rufe fili idan ya taso, yanzu sai labari. Maya da dama sun cike da laka sun daina riƙe ruwa. Duk shekara wuta na cin daji, wata masu cire zuma ne suka kunna, wata makiyaya don sabon tsiro ya fito, wata mafarauta. Ga masu gawayi suna kwantar da dushe, ga masu sassabe gorubar bakin kogi. Shanu idan suka shiga maya ba ci kaɗai suke yi ba, suna tattake ta, suna kawo cuta, kuma idan zaki ya kama maraƙi ɗaya, amsar mai garke guba ce a cikin mushe, ta kashe zaki da kura da ungulu a dare guda.

Ƙungiyar Kare Muhalli ta Sudan, wadda aka kafa a 1975, da malaman jami'o'i sun daɗe suna wannan kuka. Kuma ba abin gida ne kaɗai ba. A 2016 wata tawaga ƙarƙashin Hans Bauer na Jami'ar Oxford ta tabbatar da akwai zakuna a dajin Alatash na Habasha, wanda yake manne da Dindir, labarin ya zaga duniya. Wato abin da muke da shi a nan yana cikin 'yan wuraren da suka rage wa zaki a wannan ɓangare na Afirka. Idan ya tafi ya tafi ke nan, ba a kasuwar Sinja za a sayo wani ba.

Ina da aboki, Bahaushe ɗan Maiwurno, da ya karanta ilimin namun daji, yana aikin sa kai da masu wannan ra'ayi. Wata sallah ya zo mana, na kai shi gaida kawuna. Kawu manomi ne kuma masunci, yana da 'yan shanu da ya ba wani Bafulatani kiwo. Aka sha shayi, hira ta gangaro kan hazira, abokina ya ɗauko bayani tiryan-tiryan kamar yana gaban ɗalibai. Kawu ya bar shi har ya gama, sannan ya ce, "Ɗana, duk na ji. To faɗa min, da rani ina za a kai su?"

Abokina ya ce, "Baba, ai doka ta hana shiga."

Kawu ya ce, "Ban tambaye ka inda aka hana ba. Inda aka yarda nake tambaya."

Shiru ya biyo baya. Daga baya a hanya abokina ya ce min tsoho yana da taurin kai. Na ce masa a'a, tambaya ya yi maka, kai ne ba ka amsa ba.

Wa ya cinye dajin?

A nan ne nake rabuwa da abokaina masu kare muhalli. Ba don sun yi ƙarya ba, sai don sun fara labarin daga tsakiya. Saniya ba ta tashi da safe ta ce yau hazira nake sha'awa ba. Koro ta aka yi.

Noman tarakta ya fara a yankin Gadarif tun tsakiyar shekarun 1940. A 1968 aka kafa hukumar noman injina da tallafin Bankin Duniya, aka shiga yanka daji gida-gida, faddan 1,000 ko 1,500, ana ba 'yan kasuwa da manyan ma'aikata da hafsoshi masu ritaya. A 1970 gwamnatin Numairi ta yi dokar da ta ce duk ƙasar da ba a yi wa rajista ba ta gwamnati ce. To wane makiyayi ne yake da takardar rajistar makiyaya? Wane ƙaramin manomi ne ya yi wa gonar kakansa rajista? Kusan a lokaci guda aka rushe mulkin gargajiya na nazirai da umdodi, waɗanda su ne suka san inda burtali ya bi, suke sa ranar shigar dabbobi gona bayan girbi. Bayan mashari'in da aka tsara a takarda, sai waɗanda ba a tsara ba suka biyo, kowa mai tarakta da ɗaurin gindi ya kafa tuta inda ƙarfinsa ya kai. Burtalin da a da garke ke tafiya a sake ya koma siririyar hanya tsakanin dawa da riɗi, wani wurin ma ya toshe gaba ɗaya.

Ga abin da ba a cika faɗa ba: taraktar nan ba makiyayi kaɗai ta kora ba, har da namun dajin. Da damina ƙasar hazira laka ce mai kama ƙafa, ga ƙudaje, don haka dabbobi da yawa sukan fita zuwa tudu a wajen iyaka, su dawo da rani. Wannan tudun shi aka nome. Dari ya fita bai sami wurin zuwa ba, ya faɗa gonaki, aka harbe shi aka yi sharmut don ciyar da leburori. Wanda ya ce saniya ce ta kashe dari, bai karanta tarihin ba, ko ya karanta ya tsallake shafi.

Dokar gandun daji ta 1989 ta wajabta wa mai mashru'in damina ya bar kashi 10 cikin 100 na filinsa ga itatuwa. Ka hau mota daga Dindir ka nufi gabas, ka ƙirga min mashari'in da ka ga an bar wannan kashin. Ido zai gaji da kallon fili fetal. Ita ma dokar muhalli ce fa, kamar wadda ake kama makiyayi da ita. Bambancin, wanda ya karya wannan yana zaune a Khartoum ko Gadarif, wanda ya karya waccan yana tafe da sanda da goran ruwa. Makiyayin da aka kama a hazira yana iya rasa rabin garkensa, ga tara ko kurkuku. Wanda ya share faddan dubu ƙurmus, bashin banki yake samu.

Sai 2011 ta zo ta ƙara gishiri a ciwo. Kudu ta ɓalle, makiyayar rani da Rufa'a da Kinana da Fulani suka saba gangarawa ta koma wata ƙasa. A watan Satumban shekarar yaƙi ya ɓarke a Nilul Azrak, hanyoyin kudu suka zama na mai tsautsayi. Garkunan da a da suke watsuwa a faɗin ƙasa suka taru a wuri guda, ga mashari'i ta ko'ina, ga hazira kore a tsakiya. Ko kai ne mai garken, shanunka na faɗuwa ɗaya bayan ɗaya, kana hango ciyawa, me za ka yi? An sha yin arangama da bindiga tsakanin masu gadi da makiyaya, an rasa rayuka ta kowane ɓangare. Shi ma ɗan sandan ɗan talaka ne, albashinsa bai kai kuɗin tunkiya ba.

Ƙauyukan da iyaka ta tsallako

Akwai kuma mutanen Rahad. A shekarun 1980 aka faɗaɗa hazira, ƙauyuka 10 na bakin kogin Rahad suka zama a cikinta. Mutanensu gauraye ne, akwai 'yan yammacin Sudan da farin 1984 ya koro, akwai namu.  Ta kudu kuma akwai Magano, mazaunin mutanen da suka riga hazirar kanta zama a dajin. Waɗannan mutane an ƙayyade musu inda za su noma da inda dabbarsu za ta tsaya. Iyali na ƙaruwa, gona ba ta ƙaruwa. Birai da gadu su shiga dawa su yi ɓarna, ba ka da ikon ɗaga musu hannu, kuma ba wanda zai biya ka. Maganar tayar da su kuwa tana tasowa lokaci zuwa lokaci, ta kwanta, ta sake tasowa.

A nan ne abin ya zama namu kai tsaye, kuma ina roƙon masu kare muhalli su saurara da kunnen basira. A rubuce-rubuce da tarurruka kan Dindir akwai wata jimla da ake maimaitawa: wai baƙi daga Afirka ta Yamma ne suka cika gefen hazira. Mai faɗa yana ganin bayanin ilimi yake yi. Mu kuwa mun san inda irin wannan kalma take kaiwa. Kakanninmu sun taso bayan yaƙin Burmi na 1903, Mai Wurno ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya kafa garinsa a bakin Shuɗin Nilu tun kafin a gina madatsar Sinnar a 1925, tun kafin wani Bature ya zana hazira. Hannunmu na cikin audugar Jazira. Duk da haka a watan Yulin 2022, a Rusairis da kewaye, da kuma Oktoba a Wad al-Mahi, an kashe ɗaruruwan mutane, dubbai suka bar gidajensu, kuma tushen fitinar magana ce ta waye mai ƙasa, waye baƙo. Wanda ya ga wannan da idonsa, idan ya ji an haɗa sunan ƙabilarsa da lalata daji, ba zai ji batun zaki ba, takardar kora zai ji ana rubutawa. Ka ce mai gawayi, ka ce mafarauci, ka ce mai mashru'i. Aiki ke ɓata daji, ba asali ba.

Mu ma sai mu faɗa wa kanmu gaskiya, don ba na son a ce malam ya zo wanke 'yan uwansa. Akwai namu da ke shiga tafkunan hazira da taru mai ƙananan ido su kwashe har 'ya'yan kifi. Akwai masu buhunan gawayi. Kawuna da kansa ya yarda cewa kifin da yake kamawa yana saurayi ba shi ne na yau ba, kuma ya san ba aljanu ne suka kwashe ba.

An taɓa gwada wata hanya

A farkon shekarun 2000 an yi wani shiri da kuɗin UNDP da asusun muhalli na duniya, tare da majalisar ƙoli ta muhalli. Aka kasa hazira gida uku: ciki da ba a taɓawa, tsakiya da ake yarda da wasu amfani bisa ƙa'ida, sai gefe inda mutane ke zaune. Aka kafa kwamitocin ƙauyuka, aka ba da ƙananan basussuka, aka raba tukwanen gas don a rage sare itace, aka yashe wasu maya. Tunanin mai kyau ne, don ya amince cewa bindiga kaɗai ba za ta tsare daji mai girman haka ba. Sai dai irin ciwon duk wani shirin tallafi ya kama shi: kuɗi ya ƙare, motoci suka koma, kwamiti ya zama suna a takarda. Kuma bai taɓa babban gungumen ba, wato ƙasar da ke wajen hazira. Wannan ba aikin ɗan sandan daji ba ne, aikin wilayoyi uku ne da ma'aikatar noma, kuma a can ne masu mashari'i ke da kujeru.

Na ji ɓangarorin biyu suna jawo addini. Makiyayi ya ce ruwa da ciyawa na kowa ne, ɗan muhalli ya ce an hana ɓarna a bayan ƙasa. Ni ba mufti ba ne, malamin firamare ne, amma akwai labarin da nake so su duka su tuna. Sayyidina Umar ya keɓe makiyaya ta hukuma, wato hima, don haka keɓe daji ba Turawa suka fara ba. Amma umarnin da ya ba mai gadin shi ne ya sassauta wa mai 'yan raƙuma da mai 'yan tumaki, ya tsare dabbobin manyan attajirai irin su Ibn Auf da Ibn Affan, saboda su idan dabbobinsu suka mutu suna da gonakin dabino da za su koma, talaka kuwa da 'ya'yansa zai zo ƙofar hukuma. A Dindir ma garke garke ne. Akwai na mai saniya 15 da yake shan nononsu, akwai dubban tumakin ɗan kasuwa da ake kiwatawa don jirgin Saudiyya, yaron haya ke binsu. Dokar da ta yi musu kuɗin goro ba ta yi adalci ba.

Bayan yaƙi

Duk wannan kafin Afrilun 2023 ne. A ƙarshen Yunin 2024 dakarun Da'am, wato RSF, suka shiga Sinja, 'yan kwanaki bayan haka suka shiga Dindir. Mun fita da abin da hannu ya iya ɗauka, muka nufi Gadarif cikin ruwa da laka, kamar dubban mutane. Sojoji sun dawo da Dindir a Oktoba, Sinja a Nuwamba. Da muka komo, gas ya zama labari, kowane gida gawayi da itace. Ni da nake koya wa yara illar sare daji, buhun gawayi ne a bayan ƙofata, kuma ban tambayi mai jakin daga ina ya kawo ba. Bindiga ta yawaita a hannun mutane fiye da kowane lokaci. Makiyayan da aka wawashe a Jazira da yammacin Sinnar sun turo abin da ya rage musu gabas.

'Yan uwanmu na Nijeriya sun san abin da ke faruwa da dajin da hukuma ta saki kuma mutanen gefensa ba su ɗauke shi nasu ba. Sambisa ma gandun namun daji ne kafin ya zama abin da ya zama. Shi ya sa ba na tare da masu cewa a buɗe hazira kowa ya shiga, tunda yunwa ake. Idan aka buɗe yau, ba kawuna ne zai ci ba. Mai tarakta ne zai riga kowa, shekara biyar ta koma riɗi, maya ta bushe, saniyar da ake tausayi ta rasa ko inda za ta shiga a sace.

Abin da nake so in ji daga bakin masu kare muhalli, idan suka koma teburin gwamnati, shi ne su fara da burtali. A fitar da taswirar tsoffin hanyoyin dabbobi, a buɗe su ko da cikin mashru'in wane ne suka bi. A haƙa hafirai a wajen iyaka kafin rani. A bi kashi 10 ɗin nan gona-gona. A zauna da mutanen ƙauyukan Rahad a ba su takarda a hannu cewa zamansu ya tabbata, sannan a nemi su zama idon hazira, a ɗauki 'ya'yansu aikin gadi. Ranar da makiyayi ya ga ɗan muhalli ya tsaya gaban babban mutum saboda burtali, ranar zai fara sauraron maganar zaki.

Yaron nan mai tambaya bai dawo makaranta ba da aka sake buɗewa. Na tambayi 'yan ajinsu, suka ce tun da aka gudu suka yi gabas da dabbobi, wajen Rahad. Wani ya ce ya gan shi a kasuwa yana sayar da akuya biyu, ya yi tsawo, har ya aiko a gaida Ustaz.